Tikitin rangwame na wanda ya san ranar tafiyarsa ne

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu ne kamfanonin jiragen sama suka fi sakin rangwame mai tsoka. Wani ya kira nasa na Black Friday, wani ya ce na sabuwar shekara ne, amma tsarin ɗaya ne: za a ba ka 'yan kwanaki ka biya kuɗi, tafiyar kuma sai watanni masu zuwa. Ni ɗan Kantin Kwari ne, yadi nake sarowa daga Chana, kuma abin da ke damuna shi ne yadda wannan dama ke wuce yawancinmu duk shekara. Al'adarmu ce sai kaya sun kusa ƙarewa a shago, sai biza ta fito, sannan a kira ejan a ce, "Alhaji, nemo min kujera a jirgin jibi." Kujerar jibi kuwa galibi ita ce mafi tsada a ajinta.

Ba don Allah kamfani ke yin rangwame ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sito a sayar gobe. Shi ya sa ko a ajin talakawa ake kasa kujeru gida-gida, kowane gida da farashinsa da sharuɗɗansa. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa daga Adis Ababa har Guangzhou, abinci ɗaya, bargo ɗaya, amma ɗaya ya biya kusan ninkin na ɗayan. Rangwame buɗe gidajen ƙasa ne na ɗan lokaci, a watannin da kamfani ya san fasinja zai yi ƙaranci.

Mun ɗanɗana rayuwa babu waɗannan gidajen. A 2022, da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, da yawansu suka rufe tikiti masu araha ga mai biya da naira, Emirates ma ya dakatar da zuwa ƙasar gaba ɗaya, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale sun haura dala miliyan 800. A lokacin har Accra da Kwatano wasu ke sayen tikiti. Sai da Babban Banki ya biya mafi yawan bashin, Air Peace kuma ya fara zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024, sannan farashi ya soma sassautowa. Wanda ya ga wancan lokacin ba zai raina ragin kashi 15 ko 20 cikin ɗari ba.

To amma a san abin da ake ragewa. Kason da aka rubuta da manyan lambobi a talla, galibi a kan ainihin kuɗin kujera yake. Harajin filin jirgi da sauran caji suna nan daram, kuma a doguwar tafiya ba ƙaramin kaso ba ne. Saboda haka ni ba na duba tallar, jimillar da ke shafin biya nake dubawa, in gwada ta da abin da na biya a tafiyata ta baya, a dala ba a naira ba. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, lissafi da ita kaɗai ruɗa mutum yake yi.

Inda na fi so 'yan'uwana su tsaya su yi tunani shi ne ranaku. Tikitin Chana na ƙarshen Janairu da Fabrairu yakan fito da araha mai jan rai, sai dai lokacin bikin sabuwar shekararsu ne. A 2025 ya faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Masana'antu kan rufe makonni, ma'aikata su koma ƙauyukansu, kasuwar Yiwu da ta yadi a Keqiao su yi tsit, ko an buɗe ma sai an ɗauki lokaci kafin injuna su kama aiki sosai. Ka je a wannan tsakanin, kuɗin otal da abinci za su cinye ragin. Tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin baje kolin Canton ne da ake yi a Guangzhou, otal-otal na birnin kan yi tsada. Ni Maris nake nema, ko ƙarshen Mayu da Yuni. Sannan in lissafa baya daga Sallah: kwantena na cin wata ɗaya da rabi zuwa biyu a ruwa kafin Legas, ga zaman tasha, ga hanyar Kano. Kayan da suka iso bayan teloli sun rufe karɓar ɗinki sun rasa kasuwarsu.

Masu Umara ma haka. Kada wanda ya ƙwallafa rai a goman ƙarshe na azumi ya zauna jiran rangwame, don kujerun Jidda da Madina ba sa neman mai saye a lokacin. Amma dattijon da burinsa kawai ya je ya yi ɗawafi cikin natsuwa, in 'ya'yansa suka saya masa tun da wuri na watannin da babu cunkoso, zai samu sauƙin kuɗi da sauƙin turmutsutsu a tare. Haka muka yi wa mahaifiyarmu, kuma ta fi jin daɗin wannan zuwan a kan na azumi.

Sharuɗɗan sukan zo da ƙananan rubutu, kuma a nan ake kuka. Tikitin rangwame sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa, canza rana kuma sai ka biya tara haɗe da bambancin farashi. Don haka wanda bai taɓa samun bizar ƙasar ba, shawarata ya haƙura ya sayi wanda ake iya canzawa. A duba fasfo, ya kasance da sauran aƙalla wata shida a ranar shiga ƙasar. A duba kaya: mun saba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, amma wasu tikitin araha jaka ɗaya suke bayarwa, ga ɗan kasuwa mai dawowa da samfur kuwa wannan asara ce tun kafin a tashi. A duba kuma daga ina jirgin zai ɗauke ka. Ethiopian da EgyptAir suna sauka a filin Malam Aminu Kano, amma wani rangwamen na tashi daga Legas ko Abuja ne kawai, in ka ɗora kuɗin jirgin cikin gida da kwanan otal sai ka ga babu abin da ya rage.

In ta hannun ejan za ka saya, kada ka yarda da hoton takarda a WhatsApp. Ka karɓi lambar ajiyar kujera mai haruffa shida da lambar tikitin mai lamba 13, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka tabbatar an fitar da tikitin, kuma sunanka ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin mai duba takardu.