Godiya bayan kare kundin digirina na uku

Alhamdulillahi, jiya na kare kundina, kwamitin jarrabawa kuma ya amince da shi. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, don Allah ku karɓi wannan a madadin.

Masu tsokanata wai shekara da shekaru ina kiwon kifi, ga abin da nake yi. Ɗan tayin kifin zebra garau yake, ana hango cikinsa, zuciyarsa kuma tana fara bugawa wajen awa 24 da kafuwarsa. Irin da muke aiki da shi an sa masa ƙwayar gadon da ke sa bangon jijiyoyin jininsa ya yi hasken kore a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai mu ba shi maganin barci, mu kwantar da shi cikin agaros, wani abu mai kauri kamar jeli da ke riƙe shi wuri guda, mu zaɓi jijiya guda cikin masu tsirowa daga babbar jijiyar baya suna hawa tsakanin sassan tsoka, mu datse ta da hasken leza ba tare da mun taɓa maƙwabtanta ba. Ba ya mutuwa, don a kwanakin farko iskar oksijin ta fatarsa take shiga. Daga nan sai zaman kallo: bakunan nan biyu na jijiyar da aka datse suna miƙo siraran yatsu suna laluben juna, makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, suna rugowa wurin raunin, jini kuma yana neman wata hanya.

Ina godiya ga Farfesa mai duba aikina, wanda bai taɓa barin in ce "na gani" ba sai na auna. Amma wadda ta fi kowa cancantar a ambace ta ita ce Hajiya mai kula da ɗakin kifi. Ɗumin ruwan nan sai ya tsaya a digiri 28.5 a ma'aunin Celsius, ita ke haɗa mace da namiji da yamma ta sa shamaki tsakaninsu, ta zare shi da safe fitilu na kunnuwa, don su haɗu su yi ƙwai. Ba ƙwai, ba bincike. Haka injiniyan madubi: lokacin da lezar ta goce ta riƙa ƙona tsoka maimakon jijiya, ya bar hutunsa ya zo ya daidaita ta.

Abokan ɗakin gwaji da suka karɓe ni a ɗaukar hoton dare, da Umma da ba ta san mene ne makrofaj ba amma ba ta fasa yi musu addu'a ba, Allah ya saka da alheri. Masu neman bidiyon haɗewar jijiyar, ku ɗan yi haƙuri sai takardar binciken ta fito.