Abin da takalman takarda suka koya mini game da mulkin hamada

A duk karatun tarihin Asiya da na yi, ba abin da ya tsaya mini a rai kamar maƙabartar Astana da ke kusa da Turfan, a arewa maso yammacin ƙasar Sin ta yau. Mutanen wurin sukan yanka tsofaffin takardun hukuma su ɗinka wa mamaci takalmi ko hula. Ƙasar busasshiya ce, takardun ba su ruɓe ba, masu bincike suka farke ɗinkin suka karanta. Ta nan na fahimci yadda daular Tang ta Sin ta riƙe hanyar siliki, wato tsohuwar hanyar fatauci da ta haɗa Sin da ƙasashen yamma da ita.

Sojojin Sarki Taizong na Tang sun ci masarautar Gaochang ta yankin Turfan a shekarar 640 Miladiyya, garin Kucha ya biyo baya a 648, aka kafa manyan sansanoni huɗu, har da Khotan da Kashgar a bakin hamadar Taklamakan. Ba ruwansu da rairayi. Garuruwan da ke da ruwa suka kama, tunda ayari dole ya yada zango inda zai sha. Falke kuwa, sau da yawa ɗan ƙabilar Sogdiya daga wajen Samarƙand, ba ya wuce shinge sai da takardar izini mai ɗauke da sunansa, barorinsa da yawan dabbobinsa. Ayarin da ke cikin takardun nan bai taka kara ya karya ba: 'yan mutane, 'yan jakuna.

To wa ya cika hamada da siliki? Gwamnati. Da bandir-bandir na siliki take biyan sojoji, su sayi hatsi da shi, kasuwa ta motsa. Tun daga lokacin, duk hanyar ciniki da aka yabe ta a littafi, sai na fara neman wanda yake zuba kuɗin.

Ana yawan ambaton yaƙin kogin Talas na 751 a tsakiyar Asiya, inda rundunar Abbasiyawa ta karya ta janar ɗin Tang, Gao Xianzhi, bayan Karluk, wata ƙabilar Turkawa da ke tare da shi, sun juya masa baya. A ganina an zuzuta shi, don sansanonin Sin ba su motsa ba. Tawayen An Lushan, wani janar ɗin Tang, na 755 ne ya sa aka kwaso sojoji zuwa gida. 'Yan Tibet suka toshe mashigin Gansu da ke haɗa Sin da sansanonin, a 763 ma suka shiga babban birni Chang'an. Silikin albashi ya daina zuwa, kasuwannin zangon suka koma cinikin cikin gida.