Kwamfutar Kamfani ko Ta Haɗi: Abin da Nake Gani Idan Na Buɗe Murfi

Sana'ata haɗa kwamfutocin tebur da gyaransu, ina kuma sayar da waɗanda kamfani ya haɗo a kwali. Mu kaɗan ne a wurin, ni da yaran aiki da mai riƙe littafin shige da fice. Tunda ta ɓangarorin biyu nake samun na kaina, ba ni da dalilin kare ɗaya in kushe ɗaya. Mai saye yakan zo da zaton zan ce a haɗa masa, don a nan ladan hannuna yake. Sau da yawa ba haka nake ce masa ba.

Idan aikin mutum rubuce-rubuce ne, da lissafi a Excel, da shiga intanet, da buga takardu, ta kamfani ta fi masa. Dell da HP da Lenovo suna sayen furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da lasisin Windows dubbai a lokaci guda, a kan farashin da ɗan ƙaramin mai haɗi irina ba zai taɓa samu ba. In na tattara kaya masu ƙarfi ɗaya da na ThinkCentre ta Lenovo ko OptiPlex ta Dell, na ɗora lasisi na gaskiya, na sa ladana, da wuya in zo ƙasa da su. Ga shi ba su da ƙara, ba sa shan wuta, an gina su ne don su yini a kunne. Ofis mai son guda goma iri ɗaya ba ya ma buƙatar shawarata.

Inda magana take canzawa shi ne kwamfutar aiki mai nauyi: tace bidiyo, zanen gini, wasanni. A nan ne kwali yake da baki. Zai rubuta Core i7 ko Ryzen 7 da manyan baƙaƙe, ya rubuta sunan katin hoto (wanda ke sarrafa hoton da ake gani a fuskar kwamfuta), ya ƙara da 16GB, sai ya yi shiru. Abin da ya yi shiru a kansa shi nake fara dubawa da na kwance murfin gefe.

Farko RAM. Ramuka biyu ko huɗu ne a kan babban allo, wato farantin ciki da kowane kaya ke haɗuwa a kansa, sai ka tarar sanda ɗaya ce mai 16GB a ciki maimakon biyu masu 8GB. Adadin daidai ne, kwali bai yi ƙarya ba. Amma sanduna biyu suna aiki ne ta hanyoyi biyu lokaci guda, ɗaya kuwa hanya ɗaya take bi, kuma ana jin bambancin a wasanni, ya fi tsanani ma a injin da ba shi da katin hoto na daban, wanda furosesa ke aron RAM don nuna hoto. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, a ƙara sanda. Na biyu mai sanyaya furosesa. Ana ɗora wa furosesa mai zafi ɗan ƙaramin ƙarfe da fanka ƙwaya ɗaya, a cikin gida mai gilashi a gaba da babu ta inda iska za ta shiga. Minti goma na farko injin yana gudu kamar yadda aka yi alkawari. Da zafi ya taru sai furosesa ya rage gudun kansa don kada ya ƙone, mai shi kuma ya biya kuɗin gudun da ba zai samu ba sai a farkon zama.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar mini lokaci, akwatin wuta. Babu mai tallata shi, don haka a nan aka fi matse kuɗi. Ina karanta takardar da ke manne a jikinsa: wat nawa, wa ya ƙera, akwai tambarin 80 Plus, shaidar rashin ɓarnar wuta, ko babu. Ina kuma ƙirga bakin wayar da ke shiga babban allo. Tun 1995 Intel ta fito da tsarin ATX, wanda ya sa allon wani kamfani ke zama cikin gidan wani, akwatin wutar wani kuma ya ciyar da su duka. A yau babbar wayarsa mai fil 24 ce. Wasu manyan kamfanoni suna kauce wa wannan tsari a injinansu, su yi allo mai siffarsa daban da waya mai fil shida ko takwas. Ranar saye babu wanda zai lura. Bayan shekara uku, mai ita ya dawo yana son katin hoto mai ƙarfi, akwatin wutar ba zai ɗauka ba, na kasuwa kuma ba zai shiga ba. Sai in tsaya ina yi masa bayanin dalilin da zai sa canza abu ɗaya ya zama canza gida da allo da wuta gaba ɗaya. Wanda aka haɗa masa a kan AM4, mazaunin furosesa na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, ya iya sauya furosesa bayan shekaru a kan allonsa na farko, sau da yawa sabunta BIOS, manhajar da ke cikin allon, kawai ake yi.

Ba duka na kamfani ne haka ba. Akwai kamfanonin da suke haɗawa da kayan kasuwa na gama-gari, su lissafa sunan kowane abu har akwatin wuta. Waɗannan aikina suke yi, da yawa kawai. Idan ƙarin da suka ɗora bai wuce ladan haɗi da gwaji ba, ba ni da abin cewa.

Garanti kuwa kowa da inda ya fi. Ta kamfani ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa, amma yawanci shekara ɗaya ce, kuma injin gaba ɗaya ake ɗauka. Ta haɗi kowane abu da nasa: furosesa na kwali shekara uku, akwatin wuta mai kyau biyar zuwa goma. Sai dai kafin a nemi haƙƙi dole wani ya gano wane ne ya lalace, kuma wannan wanin ni ne. Mutanen da suke haɗa wa kansu a gida sukan manta da lissafa wannan. Ɗaura sukurori awa ɗaya ne ko biyu. Abin da ke cin yini shi ne gwaji: a bar RAM ta kwana ana bincikenta, a matsa wa furosesa da katin hoto lamba ana kallon zafi, a bi wayoyi a ɗaure su don kada su tare iska.

Kasuwa ma tana juya lissafin. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022, annobar korona da masu haƙar kuɗin kirifto sun sa katin hoto ya yi wuyar samu, irin su RTX 3080 suka wuce farashin da aka sa musu nesa ba kusa ba. A lokacin manyan kamfanoni suna da kasonsu kai tsaye, har ya zama wasu suna sayen ta kamfani sukutum don katin da ke cikinta. Ni kaina na tura masu saye can. Shi ya sa ba na amsa tambayar wacce ta fi, ta kamfani ko ta haɗi, da ka. Nakan ɗauki takarda in jera farashin kowane abu na makon, in ajiye kusa da na kwalin.

Masu neman tsoffin injinan ofis, waɗanda suke da araha da ƙarko, su duba zamanin furosesa kafin su biya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɗan kayan tsaro a cikin injin, da furosesan Intel daga zamani na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Core i7-6700 na zamani na shida ne, a wannan sunan lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗa, kuma duk girman sunan i7 ɗin ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa.