Yadda na koyi tonon kajiji

Da sanyin bara mura ta kama ni, har Iya, kakata, ta gaji da jin tarina. Ta ce, "Ɗiyata, kajijin kasuwa ya sha iska, ƙamshinsa ya tafi. Shirya mu je mu tono namu." Muka hau mota daga Maradi zuwa wata fadama a wajen Madarunfa, da 'yar fartanya da buhu.

Ni da na ɗauka na san ciyawa, ina sauka na hau tono. Na cika rabin kwarya kafin Iya ta leƙo, ta fashe da dariya. Ashe aya-aya nake ta tarawa, wadda manoma ke tsinewa don ba ta ƙarewa a gona. Dangi ɗaya ne da kajiji, haka ma ayar da ake nomawa a Cadawa da Gazawa ake yi mana kunu da ita. Sai ta nuna mini bambancin. Karan aya-aya gajere ne mai kusurwa uku. Na kajiji dogo ne, mulmulalle, babu ganyen kirki, kuma idan ka murza shi da yatsa za ka ji gaɓoɓi a ciki. Ba ya barin wuri mai laima. Ta ɓare saiwa ɗaya da farce ta kai mini hanci, nan take na ji ƙamshin ɗakin amarya.

Kuskure na biyu a gida na yi shi. Na wanke saiwoyin, na ƙulle su a leda da danshinsu, kwana 3 suka yi fumfuna, rabi ya tafi juji. Sauran Iya ta cire musu gashi, ta baza a tabarma a inuwa har suka bushe ƙarau. Ta daka kaɗan ta jiƙa mini, wani ta barbaɗa a garwashi ta ce in lulluɓa da zane in shaƙi hayaƙin. Haka ta ce suke yi tun suna yara, ga mura, ga murɗar ciki.

Hancina ya buɗe a daren, na yi barci. Tarin dai bai bar ni ba sai da na je likita aka ba ni magani, abin da har yau Iya ba ta yarda da shi ba. Ta ce ledar da na sa ce ta kashe ƙarfin kajijin. Ragowar garin na haɗa turaren wuta da shi, yana nan cikin kwalba a ƙarƙashin gado.