Ba a Ranar Buɗewa Ake Auna Lambun Al'umma Ba

Ranar buɗe lambun al'umma fili cika yake yi, kowa riƙe da fartanya, ana ta ɗaukar hoto. Wannan taro ne ke ruɗin masu shiryawa, har su yanki filin da ya fi ƙarfinsu. Bayan wata biyu zumuɗi ya kwanta, sai a ga 'yan sa-kai ƙalilan ne suka rage, su kuma za su ɗauki nauyin abin da aka shuka da hannu arba'in. Don haka girman lambu a auna shi da mutanen da za su zo a mako na 10, sannan da ruwan da ake da shi.

Kayan lambu na son kimanin lita 25 na ruwa a kowane murabba'in mita duk mako, idan babu ruwan sama. Fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 5 ya zama murabba'in mita 6, wato lita 150, wato sawu 15 da butar ban ruwa mai cin lita 10. Fangali 20 kuwa sawu 300 ne a mako, kuma a ƙasa mai yashi ko lokacin tsananin zafi abin na iya ninkawa. Duk wanda ya yi wannan lissafi a takarda ba ya fara da fangali 20. Shida ko takwas sun isa zagayen farko, sauran filin a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa ya jira.

Faɗin mita 1.2 ɗin nan yana da dalili. Hannun mutum na kaiwa kusan santimita 60, don haka daga kowane gefe za a taɓo tsakiya ba tare da an taka ciki ba. A lambun da ƙafafu suka yi yawa, tattake ƙasa na cikin manyan ɓarna, domin ƙasar da ta danƙare ba ta shan ruwa, saiwa kuma ba ta ratsa ta. A bar hanya mai santimita 60 tsakanin fangali da fangali, babbar hanya kuma ta kai mita 1 saboda baro. Tumatir da barkono na buƙatar rana ta awa 6 zuwa 8, gefen da inuwa ke saurin rufewa a bar wa latas da alayyafo. Idan filin ya taɓa zama juji ko wurin gyaran mota, a kai ƙasar gwaji a duba ko akwai gubar dalma kafin a shuka abin da mutane za su ci.

Yawancin abin da ake ɗora wa ƙwari a irin wannan lambu, laifin jadawalin ban ruwa ne. Za ku ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa tun yana kan uwarsa, wani ya ce cuta ce a yi feshi. Ba cuta ba ce. Kalsiyam ne, wani sinadari da shuka ke sha daga ƙasa, bai isa cikin ɗan ba, domin ruwa ne ke ɗaukarsa, ruwan kuma yau an ba da, gobe da jibi kowa ya ɗauka wani ya zo. Ranar da aka tuna aka kwarara masa ruwa bayan ya sha ƙishi, sai 'ya'yan da suka kusa nuna su tsattsage. Irin karas ma haka yake: yakan ɗauki mako 1 zuwa 3 kafin ya fito, idan saman ƙasa ya bushe a tsakani an yi asararsa. Maganin shi ne allo a bakin ƙofa, kowace rana da sunan mutum biyu, don in ɗaya ya sami uzuri ɗayan ya tsaya. "Duk wanda ya sami lokaci" ba suna ba ne. A koya wa kowa ya luma yatsa santimita 5 cikin ƙasa kafin ya ɗauki buta, in da danshi ya wuce. Shimfiɗa ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a gindin shuka na rufa asirin ranar da aka yi fashi.

Sabon ɗan sa-kai kada a ce masa "je ka cire ciyawa" a juya baya. Tsiron karas siriri ne kamar ciyawa, cikin minti goma zai share layi guda da kyakkyawar niyya. A ja igiya a yi shuka a layi, a kafa ɗan katako mai sunan iri da kwanan wata, a kuma haɗa baƙo da tsohon hannu a zuwansa na farko.

Taron bita ya fi amfani idan ya zo daidai da aikin makon. Batu ɗaya, mutum 10 zuwa 12, awa ɗaya da rabi, magana kada ta wuce minti 15, domin gani ya kori ji. Bitar haɗa taki ce ta fi biyan wahala, don ana tashi da tsibi a ƙasa. Kashi 2 zuwa 3 na busassun ganye da kara, kashi 1 na ɗanyen ganye da ɓawon kayan lambu, a jera su hawa-hawa har tsibin ya kai mita 1 a tsawo da faɗi da tudu. Danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta yi zafin maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa. Idan ya yi wari mai hawa kai, ɗanye ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Idan ya ƙi ɗaukar zafi, ko ya bushe ko ya yi ƙanƙanta. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa, a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas.

A bitar renon iri, a sa kowa ya jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle ya naɗe. Idan bayan kwana 7 zuwa 10 biyar kaɗai suka tsiro, a ninka yawan irin ko a sake wani. Zurfin shuka ninki 2 zuwa 3 ne na kaurin ƙwayar, dashe kuma da yamma ake yi.

Rabon amfani da riƙon makulli, tun ran gini tun ran zane: a rubuta su kafin tumatir na farko ya nuna, haka ma izinin mai fili da yawan shekarun da ya bayar. A ajiye littafi guda a rumfar kayan aiki mai zanen kowane fangali da abin da aka shuka cikinsa. Tumatir, barkono, gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu na zama a ƙasa, don haka ba a maimaita su wuri ɗaya sai bayan shekara 3 zuwa 4. Kafin lokacin ya zagayo, mai yiwuwa duk waɗanda suka yi shukar farko sun tafi, littafin ne zai gaya wa na bayansu inda za su sa wake maimakon dangin tumatir.