Wanda ya riƙe jerin deliget

A ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a sakatariyar jam'iyyar da na yi wa hidima a Abuja tun ina saurayi. Sunanta ba zai ƙara wa kowa komai ba. Ɗaya ce daga cikin waɗanda suka tsira lokacin da INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, aka bar 18. Abokan aikina na sashen tsare-tsare sun ce in rubuta wani abu saboda yaran da ake ɗauka yanzu. To, ga iya abin da zan faɗa ba tare da lauya ya neme ni ba.

A zaɓen 2023 mun sha kaye, kayen da ko mu da muke ciki ba mu zaci zai kai haka ba. Kamar yadda aka saba, sai aka kafa kwamitin binciken musabbabin faɗuwa, aka ba ni sakatare. Mun zaga shiyyoyi, mun zauna da shugabannin gundumomi da na mata da matasa, kuma kusan magana ɗaya muka ji ko'ina: kuɗin ejan, wato wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, bai isa akwati ba. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan sun haura 176,000, ƙaramar jam'iyya ba ta iya tsare su duka. Amma ko a inda muke da ƙarfi, ejan zai yi sammako, ya jira kuɗin abinci har azahar, in ya gaji ya tafi gida ko ya karɓi na abokan hamayya. Takardar sakamako ta fita babu sa hannunmu. Kuɗin kuwa ya bar asusun jam'iyya, da idona na ga takardun banki. Tsakanin ofishin ogana da shugabannin jihohi ya maƙale.

Wannan ne ya zama babi na uku na rahoton. Ban saka sunan kowa ba, ranaku da adadi kawai na jera. Da na kai wa ogana, ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya dube ni.

"Ƙanena, kai rahoto kake rubutawa, mu kuma shugaba muke nema. Wannan babin ka bar min shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk 'yan kwamiti sun riga sun sa hannu."

Ya ce, "Sa hannu ai ba ya ƙarewa. Za su sake."

Haka kuwa aka yi. Rahoton da ya isa gaban kwamitin zartarwa ba shi da babi na uku, amma babin da ya yi magana kan raunin shugaban jam'iyya ya yi ƙiba, har da zargin zagon ƙasa da babu wanda ya faɗa mana a ko'ina. Sunana na nan a ƙasa, a matsayin sakatare. Shugaban jam'iyyar, bawan Allah, wanda shi ya sa hannu a takardar ɗaukata aiki, ya rasa wanda zai riƙe a zuciya sai ni. Har yau in mun haɗu a jana'iza gaisuwar nesa muke yi.

Sauke shi bai ɗauki lokaci ba, domin hanyar a share take. Ba a kayar da shugaban jam'iyya na ƙasa a Abuja. Daga gundumarsa ake sare shi. Haka aka yi wa Adams Oshiomhole na APC a Etsako ta jihar Edo, har kotu ta tabbatar da dakatarwar a 2020. Haka aka yi wa Iyorchia Ayu na PDP a gundumar Igyorov ta Gboko a Maris 2023. Mutanen da ba ka taɓa sanin da zamansu ba su zauna a ajin firamare, su ce ba ka biya kuɗin zama ɗan jam'iyya ba, washegari wani ya garzaya kotu ya samo umarni. Namu ma sak.

Abin da yaran ofis ba su ganewa shi ne, jam'iyyar da ta faɗi zaɓe matsalarta ta farko ba aƙida ba ce, kuɗin haya ne. Albashi ya tsaya, janareta babu mai, masu ba da gudummawa sun daina ɗaukar waya, rabin manya suna hanyar sauya sheƙa. A irin wannan hali duk wanda zai biya zauren taro da otal ɗin deliget a Utako ko Jabi, shi ke da ta cewa. Manyan jam'iyyu ma ba su tsira ba. Bayan PDP ta faɗi a 2015, shugabanta Adamu Mu'azu ya yi murabus a watan Mayu, aka kafa kwamitin Ike Ekweremadu ya rubuta rahotonsa, amma da aka zo batun shugaba gwamnoni ne suka ɗauko Ali Modu Sheriff a Fabrairun 2016. Wata uku kacal suka koma neman hanyar rabuwa da shi, suka kafa kwamitin riƙo na Ahmed Makarfi a Fatakwal. 'Yan sanda suka garƙame Wadata Plaza, hedikwatar PDP, jam'iyya ta rabu tsagi biyu, a zaɓen gwamnan Ondo aka yi ta jan-in-ja kan waye ɗan takararta har dab da ranar zaɓe. Sai 12 ga Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta raba gardama. Duk muna Abuja muka kalli wannan, mun yi musu dariya, sannan muka maimaita shi da ƙaramin jari.

Babban taronmu an ce na maslaha ne. Maslaha kuwa a bakin ogana na nufin a kira sauran 'yan takara ɗaki ɗaya-ɗaya da daddare, a mayar wa kowa kuɗin fom ɗinsa da ɗan ƙari. Mutum ɗaya ya ƙi. Saboda shi ne aka taɓa jerin deliget.

Ni na haɗa jerin asali, daga sakamakon tarukan jihohi da jami'an INEC suka sa ido a kai, bayan mun ba hukumar sanarwar kwana 21 da doka ta tanada. Daren jajibiri aka kawo wani jerin a ambulan. Na ga sunan direban wani, na ga na maigadin gidan wani, mutane biyu kuma na halarci sadakar ukunsu. Na ƙi bugawa. Aka ba wani yaro ya buga a kwamfutata, da safe aka raba katin shiga. Da wanda aka kayar ya kai ƙorafi, sunaye suka ƙi daidaita da abin da ke hannun INEC, ogana ya tsaya gaban kwamitin amintattu ya ce kuskuren ma'aikaci ne. Bai ko kalle ni ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka mayar da ni sito ina ƙirga ragowar fastoci da huluna. An ci nama da kura, aka rataya wa akuya ƙashi.

Sauran darussan gajeru ne. Kada takarda ta bar hannunka ba ka ajiye kwafi mai sa hannu a gida ba. Umarnin baka, ka nemi a rubuta. In aka ƙi, ka san abin da ake nufi. Karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi ana tunawa da ita ne idan za ta fitar da abokin hamayya. Kada ka bar kwamfutarka a buɗe, ko sallah za ka je. Kuma duk wanda ya fara kiranka ƙanena a makon babban taro, ka sake duba abin da ya miƙo maka.

Sabon shugaba mutumin kirki ne a nasa, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai ya san wanda ya biya otal. Aikinsa na farko shi ne kafa kwamitin sulhu, ogana ne shugaba. Makon da zan tafi suka aiko wai ko zan karɓi sakatare, tunda na iya rubutu. Na ce su fara mayar da babi na uku, kwafin asali mai sa hannun kowa yana wurina. Ba su sake kira ba.