Ramin da mai gyaran famfo ya bar min a kicin

Duk wanda na kai wa kukan ɓera a wancan lokacin, shawararsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa, wato a kashe su. Wannan ya ce shinkafar ɓera, wancan ya ce gam, wata ta ce in fasa kafso in cuɗa da kan kifi, wata ta ce in samo mage in huta. Wallahi babu ko mutum ɗaya da ya tambaye ni ta ina suke shigowa. Shi ya sa yanzu in mace ta ce min ɓera ya addabe ta, abin da nake fara ce mata shi ne ta ɗauki tocila ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin sinki, daidai inda bututun ruwan wanke-wanke ya ratsa bango ya fita.

Haya muke a Fadaman Mada, nan cikin garin Bauchi, gida sabon gini mai sassa huɗu, kicin ɗin har da kabad na katako da aka manna da bango. Da shi ma mai gidan hayar ya yi mana kuri ranar da muka je dubawa. Mun ci damina lafiya lau. Abin ya fara ne bayan kaka, da aka kawo mana buhunan masara da na wake daga ƙauye, hunturu kuma ya kama. Lokacin ne dama aka kwashe amfanin gona, aka cinna wa ciyayi wuta, ɓera ya rasa ci da mafaka a waje ya nufo gidaje. Da farko kashi na riƙa gani a durowar cokula, baƙi, ƙanana, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ledar magi a ɓule. Sai sabulun wanke-wanke da shatin haƙori. Daga baya ya zama in an ɗauke wuta dare ya yi tsit, ina kwance ina jin ƙaras-ƙaras daga kicin har ɗaki.

Gam ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Ya kama ƙanana, ya kama tsaka, sannan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi ya daina kama komai. Wanda ya kama ɗin ma kwana yake yana tsuwa yana fitsari a kan allon, da safe kuma ke za ki san yadda za ki yi da shi da ransa. Magen da surukata ta aiko da ita ta fi ƙwarewa a buɗe kwandon kifi.

Sai maigidan ya shigo wata rana da ƙulli biyu na shinkafar ɓera, daga wajen masu yawo da lasifika a bakin Kasuwar Wunti. Na ce masa, "Baban yara, ga autanmu yana rarrafe, komai ya gani bakinsa yake kaiwa." Ya ce a bayan kabad zai zuba, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma mai maganin ya rantse masa cewa ɓeran da ya ci bushewa yake yi ƙayau, ba ya wari. Wannan magana, 'yan'uwa, ƙarya ce, duk wanda ya faɗa muku ita kuɗinku yake so. Mushe mushe ne. Yawancin irin waɗannan magunguna ba nan take suke kisa ba, jini suke hanawa daskarewa, sai ɓeran ya yi kwanaki yana yawo kafin ya mutu, kuma ba a tsakiyar kicin zai zo ya mutu miki ba, lungun da ya fi kowane lungu wuyar shiga zai nema.

Namu bayan kabad ya zaɓa. Warin ya fara kaɗan-kaɗan, na ɗauka albasa ce ta ruɓe, na zazzage kwandon ban ga komai ba. Kafin a ce haka, kicin ya gagari shiga, manyan ƙudaje masu sheƙi suka cika taga, na koma girki a tsakar gida da gawayi cikin wannan sanyin. Turaren wuta ƙara dagula abin ya yi. Dole aka kira kafinta ya ɓalle kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki, katakon baya ya tsage a wajen cirewa.

Yana janye shi ya ja da baya ya toshe hanci, ya ce, "Hajiya, zo ki ga ikon Allah."

Ba mushen ba ne ya tsayar da ni. Rami ne. Mai gyaran famfon da ya yi wa ginin aiki ya fasa bulo don ya fitar da bututu, ya zura bututun, ya yi tafiyarsa bai liƙe gefen ba. Hannuna a dunƙule zai shige. Ina tsugune ina hango hasken rana da bakin kwatar bayan gida ta cikinsa. Kafintan ginin ya zo daga baya ya manna kabad a kai, aka rufe maganar. Cokalin birkila biyu na siminti, iyakar abin da wurin yake buƙata ke nan, shi ne mutumin nan ya ƙyashe mana. A gefen ramin ga sheƙa an yi ta da yagaggen buhu da leda da takardun littafin 'yata da muka yi ta nema, a ciki 'ya'ya jajaye ko gashi ba su yi ba. Ga tarin masara da wake da suka yi ta jida.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne ƙwayoyin shinkafar ɓeran nan masu launi da na gani a cikin tarin. Ashe ɓera ba duk abin da ya samu yake ci a wurin ba, ɗauka yake ya kai ma'ajiya. Na je na ɗaga buhun masara a sito, na tarar da wasu ƙwayoyin a ƙarƙashinsa, daidai inda suka huda. Wato gubar da aka zuba inda yaro ba ya kaiwa, ɓera ya kawo ta cikin abincin yaron. Ragowar masarar nan ko kaji ban yarda a ba wa ba, rami aka haƙa aka binne. Waken ma haka. Ga kuɗin kafinta, ga na mai gyaran firiza, don da aka ja ta aka ga sun gaigaye wayarta har jan ƙarfen ya fito. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, shi ya sa ba ya barin waya ko katako ko roba. Allah ne ya tsare ba gobara aka yi ba. Duk wannan saboda siminti cokali biyu.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa muke ta kisa ba sa ƙarewa. Cikin ɓeran gida kusan mako uku ne, ta haifi biyar ko shida ko fiye, su kuma 'ya'yan cikin kamar mako shida sun isa haihuwa. Ko da babu wannan, mu ƙofa muka bar musu a buɗe daga kwata. Ka kashe na ciki, na waje su shinshino masara su maye gurbi.

Na ɗauko tsintsiya zan share wurin ke nan ƙanwata da ke aikin jinya ta kira, na ba ta labari. Ta ce, "Yaya, ajiye tsintsiyar nan, don Allah kar ki share shi a bushe." Ita ta tuna min da zazzaɓin Lassa, wanda nake jin sanarwarsa a rediyo duk rani ina wucewa abina. A 1969 aka fara gano cutar a garin Lassa da ke jihar Borno, kuma a rahotannin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, Bauchi kan fito a sahun gaba tare da Ondo da Edo, musamman a watannin rani. Wani ɓera ne mai yawan nonuwa yake ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya taɓa abinci, ko aka share busasshen kashin ƙurar ta tashi aka shaƙa, an iya kamuwa. Ba kowane ɓera ne ke da ita ba, amma wa zai kama ɓera da tsakar dare ya tsaya ƙirga nonuwansa? Ta ce alamun kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana, suna farawa kamar maleriya, mutane da yawa ma ba sa jin jiki sosai, amma tana yi wa masu tsohon ciki mummunan kamu, wasu kuma da suka warke kurumta take bar musu. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, in ji ta, kar a tsaya kemis, a wuce asibiti a faɗa musu akwai ɓera a gidan, don maganin ya fi aiki in an fara da wuri. A nan garin, Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana karɓar masu ita. Makonnin nan uku ko atishawa yaro ya yi sai na taɓa goshinsa. Alhamdu lillahi babu wanda ya kwanta.

Yadda ta ce in yi, haka na yi. Na buɗe taga da ƙofa iska ta shiga, na sa safar hannu ta roba da takunkumi, na haɗa Hypo kashi ɗaya da ruwa kashi tara, na jiƙa kashin da sheƙar da mushen sharkaf, na bar su minti biyar, sannan na kwashe da tsumma na ƙulle a leda biyu. Tsumman ma bai dawo ba. Duk kwano da tukunya da cokalin da ke kicin ɗin sai da suka sha ruwan zafi da omo, har waɗanda ke cikin kwali tun na aure.

Birkila ya zo, ya kalli ramin ya yi dariya ya ce aikin 'yan kwangila ke nan. Na ce kafin ya sa siminti ya cusa soson ƙarfe, irin na goge tukunya, a zagayen bututun, don shi ne abin da haƙorinsu ba ya so. Kar wanda ya ce muku ku toshe da tsumma ko leda ko katifa, kayan shimfiɗa kuka ba su. Tunda ya riga ya zo, na sa shi muka bi kicin da sito lungu-lungu. Ƙa'idar da na riƙe ita ce duk kafar da fensir zai shiga, kamar milimita 6, ƙaramin ɓera zai iya matsawa ya wuce. Mun samu wata a inda tiyon gas ya shigo, wata a kusurwar silin. Ƙasan ƙofar baya yatsana biyu suna shigewa, aka buga mata falle na langa-langa. Bakin bututun ta waje aka ɗaura masa ragar waya. Amma babu wadda ta kama ƙafar ta mai famfo.

Bayan an toshe ne tarko ya yi amfani, don yanzu waɗanda suka rage a ciki ƙidayayyu ne. Tarkon katako mai sifirin, na ɗan kuɗi kaɗan, na sayo da yawa a kasuwar Muda Lawal na ɗana su dare ɗaya, ba ɗaya yau ɗaya gobe ba. Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, jikin bango yake bi, saboda haka tarkon a jikin bango ake sa shi, bakin da ke da abincin yana fuskantar bangon. Don in san hanyarsu, na barbaɗa garin tuwo siriri a gefen bango da dare, da safe ga sawu ɓaro-ɓaro. Ƙuli-ƙuli ya fi komai ja min su, amma sai an ɗaure shi da zare, in ba haka ba su zare shi su bar miki tarko a ɗane. Ɗan mitsitsi ya isa. Da asuba kafin yara su tashi nake kwashewa, da safar hannu, in zuba musu ruwan Hypo. Da tarkuna suka yi ta kwana ba kamu, garin ma ba sawu, na san an gama.

Surukata da ta zo ta ga kicin ɗin ta ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Na ce haka ne Hajiya, ban ja ba. Hatsi yanzu ba ya kwana a buhu a gidana. Masara da wake suna cikin durom na ƙarfe mai murfi, a kan katako, nesa da bango yadda zan iya leƙa bayansu. Gari da shinkafa da su kuka da kuɓewa suna cikin bokitan fenti masu kama baki, gyaɗa a jarka. Kwanukan dare ba sa kwana, shara ma haka, shanyar da nake yi a ƙasa ta koma kan tebur da rana kawai. Wannan duk gaskiya ne yana da kyau. Sai dai ko a da ni ba ƙazama ba ce, kicin ɗina a goge yake kwana, kuma hakan bai hana su ba tunda ga hanya an buɗe musu har gindin buhu.

Da maigidan ya kai wa mai gidan hayar lissafin kafinta da birkila, cewa ya yi ai ɓera ba shi ya kawo shi ba. Na ce to ramin fa, mu muka zo da shi? Na ja matan sauran sassan uku muka leƙa nasu da tocila ta cikin kabad. Mai famfo ɗaya ne ya yi aikin gidan gaba ɗaya, kuma ko'ina haka ya bar shi. Biyu sun toshe nasu a satin. Rasit ɗin yana nan na ajiye a cikin jakar takardun haya, zai fito ranar biyan kuɗin shekara.

Abin da ya rage shi ne silin. Rufin gidan a haɗe yake, wani dare nakan ji gudunsu a sama, duk da ba su da ta inda za su sauko min. Na riga na yi magana da kafintan zai zo ya zagaye bakin rufin da ragar waya kafin a kawo masarar bana, kuma a wannan karon sai na hau tsani na duba aikin da idona kafin in biya.